Kwana Uku a Shamoni, Garin Likitar da Ta Hau Everest

Sunan Dakta Christine Janin na fara jin sa ne daga bakin wani yaro ɗan shekara tara, a wani asibitin yara da ke birnin Liyon na ƙasar Faransa, inda na yi shekara guda ina ƙarin ilimi kan ciwon daji na ƙananan yara. Yaron ya gama shan maganin ciwon dajin jini, ya dawo ranar awo, kuma tun kafin in ɗora masa abin sauraren ƙirji ya zaro wani hoto daga aljihu ya miƙo mini. A hoton yana sanye da hular kwano, an ɗaura masa igiya a ƙugu, yana manne da jikin dutse, bakinsa har kunne. Ya ce da ni ya hau Everest ɗinsa, yana kwatanta abin da dutsen da ya fi kowane tsayi a duniya. Mahaifiyarsa ce ta yi mini bayanin cewa ita Dakta Janin likita ce mai hawan duwatsu, tana da gida a garin Shamoni da ke cikin tsaunukan Faransa, inda take karɓar yaran da suka sha fama da wannan ciwo su yi mako guda. Ni likitar yara ce daga Damagaram, kuma babban ɓangare na aikina shi ne in tura irin waɗannan yara Yamai, sannan in karɓe su idan Allah ya sa sun dawo. Don haka maganar ta tsaya mini a rai, na ƙudura cewa ba zan koma gida ba sai na ga wurin da idona.

Mun tashi ranar wata Juma'a ta ƙarshen watan Yunin 2022, ni da wata yarinya 'yar Maraɗi mai karatun ungozoma, wadda zaman baƙunta ya mayar da ita ƙanwata. Jirgin ƙasa muka shiga daga tashar Part-Dieu da sassafe, kowacce ta biya kusan Yuro 45, wato wajen jika talatin na sefa, kuɗin da a gida zai kai mutum Yamai daga Damagaram har ya yi guzuri. Sa'o'in farko babu abin faɗa sai gonaki da ramukan da jirgin ke kutsawa ta cikin tsaunuka. Da muka matso kusa da iyakar Suwizalan, wasu jami'ai uku cikin kaki suka shigo taragonmu suna duba takardu. Na miƙa fasfo da katin izinin zama, ɗayansu ya duba hoton, ya dube ni, ya mayar mini tare da yi mini fatan sauka lafiya, duka bai kai minti biyu ba, jirgin ma bai tsaya ba. Na tuna hanyarmu ta tsakanin Yamai da Damagaram mai kusan kilomita 900, inda a Doso da Dogon Dutse da Ƙonni da Maraɗi mota ke tsayawa, fasinjoji su sauko da katin ɗan ƙasa a hannu, kuma sau da yawa a cikinsu akwai uwa mai goye da yaron da na rubuta wa takardar zuwa babban asibiti, cikinsa a kumbure, rana tana dukansa. Ita wannan hanya ita ce matakin farko na jinyar yaranmu, kuma akwai waɗanda tun a kanta ƙarfinsu ke ƙarewa.

A Saint-Gervais-Le Fayet muka sauka muka canza zuwa wani ƙaramin jirgi mai launin ja da fari, wanda ke bin siririn layin dogo yana hawa cikin kwazazzabo. Daga nan ne ƙasar ta sauya kama. Bayan garin Servoz, kogin Arve ya bayyana a ƙasanmu, ruwansa fari-fari kamar an dama farar ƙasa, saboda daga narkakkiyar ƙanƙara yake fitowa ɗauke da garin duwatsu. Kafin mu kai Les Bossons ƙanwata ta kama hannuna ta ce, “Yaya, dubi can.” Wani harshen ƙanƙara ne ya zubo daga sama tsakanin itatuwa, ya tsaya cak a gefen dutse, a tsakiyar bazara, alhali mu a cikin jirgi gumi muke yi. Ni da na girma a gindin duwatsun unguwar Birni ta Damagaram, ina ganin na san dutse, sai da na karkatar da wuya har ya yi mini zafi kafin in hango inda waɗannan suka ƙare.

Shamoni gari ne da ke kwance a cikin kwari, mita 1,035 sama da teku, tsaunuka sun sa shi a tsakiya. Mun sauka a wani masaukin matafiya mai rahusa, ɗaki mai gadaje huɗu na mata zalla, Yuro 35 kowane gado a dare, kuma suka ba mu katin baƙi wanda a lokacin yake ba mutum damar shiga bas da jirgin cikin kwarin kyauta. Abinci ne ya ba mu ɗan wahala, domin shahararren abincin yankin, dankalin turawa da aka gasa da cuku, da naman alade ake haɗa shi, narkakken cukun da suke tsoma burodi a ciki kuwa da giya ake dafa shi. Sai muka sayi burodi da ƙwai da tumatir da wani cuku mai tauri, muka riƙa girki a madafar masaukin, muna haɗawa da dabinon da na taho da shi. Magariba ba ta yi ba sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare. Da na duba alƙibla, sai na ga ta fuskanci kudu maso gabas, daidai inda tsinin duwatsun suke, har yanzu da sauran jan hasken rana a kansu bayan gari ya yi duhu.

Kafin duhun mun zaga tsakiyar gari, inda na tarar da abin da ban yi tsammani ba. A dandalin akwai mutum-mutumin tagulla na mutane biyu da aka kafa a 1887: masanin kimiyya Horace-Bénédict de Saussure na Janeba, da Jacques Balmat yana nuna masa ƙololuwar Mont Blanc, dutse mafi tsayi a yankin, da yatsa. Amma mutanen da suka fara taka wannan ƙololuwa ranar 8 ga Agusta 1786 su biyu ne, Balmat da likitan garin, Michel-Gabriel Paccard. Saussure shi ne ya sa ladan kuɗi ga duk wanda ya gano hanya, kuma sai a shekara ta gaba ya hau. An daɗe ana ba da labarin ta yadda aka rage wa likitan daraja, har aka bar shi a waje lokacin kafa tagullar, sai a 1986, bayan shekara ɗari biyu, aka yi masa tasa, yana zaune shi kaɗai can gefe yana kallon dutsen. Na tsaya a gabansa na ɗan lokaci. Ashe tun ranar farko akwai hannun likita a hawan duwatsun wannan gari.

Washegari muka nufi abin da kowane baƙo ke zuwa dominsa, wato hawa Aiguille du Midi a cikin akwatin da ke tafiya a jikin igiyar ƙarfe, wanda suke kira telefarik, an kuma buɗe shi tun 1955. Kuɗin zuwa da dawowa ya kusa Yuro 70, kimanin jika arba'in da shida, kuma sai da na yi ta juya lissafin a zuci kafin in biya. Akwai kuma wani abin da ya fi kuɗin damuna. Ina ɗauke da rabin jinin sikila, wato AS, kamar ɗimbin mutanen ƙasarmu. A ƙasa wannan ba ya hana ni komai, amma a wuri mai tsayi inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, ƙwayoyin jinin mai irin wannan hali suna iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa, abin da ke zuwa da matsanancin ciwo a hagun ciki. Ba kasafai yake faruwa ba, sai dai sananne ne a littattafanmu. Na sha ruwa sosai, na saka 'yar na'urar auna oksijin ta yatsa a aljihu, na kuma gaya wa ƙanwata cewa idan ta ji na ambaci ciwon ciki, kada ta tsaya shawara da ni, ta sa a sauko da ni.

Akwatin yana ɗaukar mutane da yawa a tsaye, kafaɗa da kafaɗa. Zangon farko ya kai mu Plan de l'Aiguille, mita 2,317, kuma tun a nan mun riga mun wuce Idukal-n-Tagas na tsaunukan Bagzan, wanda shi ne wuri mafi tsayi a Nijar da mita 2,022. Zango na biyu babu turke ko ɗaya a tsakani, igiya ce kawai ta miƙe zuwa sama a gaban bangon dutse da ƙanƙara, akwatin yana lilo, kowa ya yi tsit. Cikin kusan minti ashirin aka ɗauke mu daga zafin bazara aka ajiye mu a inda numfashi ke fita kamar hayaƙi. Daga nan wani lif da aka haƙa a cikin dutsen ya ƙarasa da mu farfajiyar sama, mita 3,842.

Abin da na ji a jikina ya fi duk abin da na karanta. Matakala goma sha biyu kacal na taka, zuciyata ta riƙa bugawa kamar na yi gudu, kaina ya yi nauyi, ƙafafuna suka zama kamar na aro. Na zauna na maƙala na'urar a yatsa: a Liyon takan nuna 98, a nan ta nuna 84. Da a ɗakin jinya na ga wannan lamba a yatsan yaro, da tuni na sa an jawo tukunyar oksijin. Na zauna ina jan numfashi a hankali ina kallon Mont Blanc, mai tsayin mita 4,800 da 'yan kai, fari fat, kamar a miƙa hannu a taɓa. Ta wata ƙofa da aka fafe cikin ƙanƙara, masu hawa suna fita bibbiyu, igiya ta haɗa su, ƙusoshi a tafin takalmansu, suna bin wani siririn doron ƙanƙara wanda faɗinsa bai fi tabarmar sallah ba, hagu rami, dama rami.

A wannan zaman ne tarihin Christine Janin, wanda na karanta a jirgi, ya zama mini abu mai nauyi. An haife ta a birnin Rum a 1957, ta yi karatun likita a Paris. A 1981, tana da shekara 24, wata tawaga mai zuwa Pakistan ta ɗauke ta a matsayin likitarsu, sai ga shi ta kai ƙololuwar Gasherbrum na Biyu, mita 8,035, ba tare da tukunyar oksijin ba. Wato ta ninka tsayin da nake zaune a kai ina haki, har da ɗori. Ranar 5 ga Oktoba 1990 ta zama Bafaranshiya ta farko da ta taka ƙololuwar Everest, inda iskar da mutum ke shaƙa take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin uku na oksijin ɗin da ke bakin teku. Zuwa 1992 ta gama hawa dutse mafi tsayi a kowace nahiya, bakwai ke nan, har da Kilimanjaro namu na Afirka, kuma ita ce mace ta farko daga Turai da ta yi haka. A 1997 ta yi fiye da wata biyu tana jan kayanta a kan ƙanƙara, tare da wani abokin tafiya ɗan Rasha, babu inji babu karnuka, har ta kai ƙuryar arewacin duniya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne cewa duk wannan likita ce ta yi shi, wadda ta san sarai yadda ruwa ke taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura a irin wannan tsayi, ta san ma'anar kowane ciwon kai da kowane tari, kuma ta ci gaba da ɗaga ƙafa.

Ba mu wuce minti arba'in a sama ba. Wani ɗan nauyi ya fara yi mini a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ko saifa ce ko fargaba ce, ban tsaya bincike ba, muka bi akwati na gaba. Kafin mu iso gari nauyin ya tafi, lambar ta koma 96. Da na kira Inna da yamma na ba ta labari, ta yi salati ta ce, “Ke 'yar nan, me kika ajiye a can saman da za ki je nema?” Na ce mata gobe ne zan je wurin da ya kawo ni.

Ranar Lahadi da safe muka fara leƙa kogin ƙanƙarar da ake kira Mer de Glace ta jirgin Montenvers, inda aka kafa alluna a jikin dutse masu nuna inda ƙanƙarar take a shekarun baya. Allon 1990, shekarar da Janin ta hau Everest, yana can sama, kuma sai da muka sauka matakala ɗaruruwa a ƙasansa kafin mu taɓa ƙanƙara. Daga nan muka dawo gari muka bi titin Joseph Vallot da ƙafa.

Gidan ƙungiyar Dakta Janin yana kan wannan titi, babban gida irin na yankin, da fili da itatuwa. Sunan ƙungiyar À chacun son Everest, ma'ana kowa da nasa Everest. Asalinta shi ne, bayan Janin ta dawo daga Everest an gayyace ta ta riƙa zuwa wani asibitin yara a Paris tana ba marasa lafiya labarin tafiye-tafiyenta, sai ta ga cewa abin da take faɗa game da hawa, zango bayan zango, gajiya, tsoro, komawa baya a sake gwadawa, yaran sun riga sun san shi daga gadon jinya. A 1994 ta kafa ƙungiyar tare da Farfesa André Baruchel, masanin ciwon dajin jini na yara. Ana kawo yaran su yi mako guda kyauta, ƙarƙashin kulawar likitoci da ma'aikatan jinya da jagororin dutse, su koyi hawa da igiya, su yi tafiyar ƙafa, a ƙarshe kowa ya kai wata ƙololuwa daidai ƙarfinsa. Daga 2011 aka fara karɓar matan da suka gama jinyar ciwon dajin mama.

Ban shiga ba. Ban nemi izini tun da wuri ba, kuma na san cewa gidan da marasa lafiya ke ciki ba wurin kallo ba ne. Ni ma ba na son baƙo ya faɗo mini ɗakin jinya don ya ga yadda muke. Muka zauna a wani benci da ke kusa. Can sai wata mata mai kimanin shekara hamsin da biyar, da sandunan tafiya biyu a hannu, ta zauna kusa da mu tana gyara igiyar takalmi, muka gaisa, magana ta yi magana. Da ta ji aikina, sai ta ce ita ma ta taɓa yin mako guda a wannan gida bayan an yi mata aiki a mama, an yi mata ƙarin ruwan magani, an kuma gasa ciwon da hasken inji, kuma tun daga lokacin duk bazara takan dawo kwarin ta yi tafiya ita kaɗai.

“Dakta,” in ji ta, “ranar da likitana ya ce an gama, in dawo bayan wata uku, ita ce ranar da na fi jin tsoro. Kowa a gida yana murna, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Jikin nan na daina yarda da shi.”

Na tambaye ta abin da mako guda zai iya canzawa. Ta ɗaga hannunta na dama sama da kai, a hankali, ta ce bayan aikin ta yi shekara ba ta kai shi nan ba, tana tsoron kada wani abu ya yage. A jikin bangon hawa, da igiya a ƙugunta, wata mace irinta tana riƙe da ɗaya bakin igiyar a ƙasa, sai ta ga hannun ya miƙe da kansa ya kama dutse. Ta ce da ta sauko ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka gaya mata sakamakon awo. Ta riƙe hannun a sama har ta gama maganar, sannan ta sauke shi, ta ɗauki sandunanta ta yi mana sallama.

Na daɗe a bencin ina jayayya da kaina, kuma ba zan ɓoye cewa da farko wani ɗaci ne ya taso mini ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yaran da suka kamu da ciwon daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai kashi 30 ba. Namu suna zuwa a makare, bayan an gama zagaya masu magani, da kumburin muƙamuƙi irin na ciwon dajin da ake kira Burkitt, ko ƙari a ƙoda, ko ido ya riga ya fito waje. Sai a 2021 aka fara gashin ciwon daji a Yamai. Uba yakan sayar da akuya da hatsin shekara, idan kuɗi suka ƙare ya ɗauke ɗansa a tsakiyar magani. Wanda ke cikin wannan hali, ina shi ina zancen hawan dutse? Amma da na ƙara tunani sai na ga ɗacin yana rufe mini wani laifi nawa. Akwai waɗanda suke warkewa, na san su da sunayensu. Akwai yarinyar da aka cire wa ido ɗaya ta rayu, ta daina zuwa makaranta saboda tsokanar yara. Akwai yaron da ya dawo da ƙoda ɗaya, uwarsa ta hana shi ko ɗaukar buta, ya zauna a ɗaki kamar tsoho. Ni kuwa da zarar na ga awon jini ya yi kyau sai in rubuta ranar dawowa in kira na gaba. Janin ta lura cewa saukowa daga dutse wani aiki ne mai zaman kansa, kuma masu hawa sun san cewa haɗari da yawa a saukowa yake faruwa, lokacin da ƙarfi ya ƙare kuma kowa yana ganin an gama. Wannan ɓangare na jinya ba ya bukatar injin gashi.

Da la'asar muka kama jirgin komawa Liyon, bayan mako uku kuma na sauka Yamai, na bi doguwar hanyarmu zuwa gida. A makon farko na buɗe rajistar ɗakinmu na fitar da sunayen yaran da suka gama magani suka dawo cikin shekara uku, na samu goma sha ɗaya. Bakwai muka iya ganowa. Iyayen uku suka ƙi, ɗaya ya ce mini ɗansa ya sha wahalar da ta ishe shi, kuma ban ga laifinsa ba. Ranar wata Asabar bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, ni da wani ma'aikacin jinya da iyaye mata biyu muka ɗauki yara huɗu zuwa ɗaya daga cikin duwatsun bayan Birni, da jarkar ruwa da ƙosai a leda. Ba mu da igiya ko hular kwano, don haka muka zaɓi gefen da ba shi da tsayi sosai, muna tafe muna hutawa. Yarinyar mai ido ɗaya ita ce ta ƙarshe, domin auna nisa yana yi mata wuya, sai ta laluba da ƙafa kafin ta taka, kuma sau biyu na miƙa mata hannu tana ture shi. Da ta iso sama ta gyara ɗankwalinta, ta juya tana neman unguwarsu a cikin rufin gidaje, ta ɗauki lokaci kafin ta gano ta, sannan ta kira mahaifiyarta ta zo ta nuna mata.